Baƙuwar Taya a Ƙafar Baya

Masu sharar titi ne suka fara ganin motar, da misalin ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Alhamis. Tana kife a gindin gada, ƙafafu a sama, ruwa na zuba a kanta. Ja ce, mai kujera biyu, irin motocin gudun nan da ba a cika gani ba. Kafin Sufeto ta iso an riga an zaro wadda ke ciki an lulluɓe ta. Budurwa ce 'yar shekara ashirin da huɗu, autar wani injiniya mai ritaya, wanda shi ne mai motar.

Sufeto ta yi shekara goma sha shida a sashen binciken haɗurra. Ta bar gawar ga ma'aikatan asibiti, ta hau titi tana bin sawun da ya rage a kan kwalta. Sawun ya nuna bayan motar ne ya fara ƙwacewa a tsakiyar kwana, sannan ta juya ta daki ƙarfen gada.

Kofur, abokin aikinta, ya ciro littafi. "Gudu ne da ruwan sama, ranki ya daɗe. In rubuta?"

"Mayar da alƙalaminka tukuna."

Ta sauka gangare, ta shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Uku iri ɗaya ne, sababbi, roba mai laushi, zanensu kamar kan kibiya don korar ruwa. Ta huɗu, ta baya ɓangaren hagu, girmanta ɗaya da sauran, amma ta wani kamfani ce daban. Ta bushe, ta tsattsage, lambar jikinta ta nuna shekararta tara. A bakin wilin kuma, ƙarfen da tayar ke zaune a kai, akwai sabon karce.

"Wannan motar ƙarfinta duk a baya yake," in ji Sufeto. "Ta shiga kwana cikin ruwa, ta dama ta kama kwalta, ta hagu ta saki. Kamar mutum ne ya sa takalmin gudu a ƙafa ɗaya, silifa a ɗaya, ya hau santsi. Wani ne ya ɗaura wannan tayar, kuma bai daɗe ba."

Suka fara da bakaniken da ke kula da motar, wanda ake kira Dogo. Da aka nuna masa hoto sai ya ajiye sifana, ya zauna a kan benci.

"Ni? In ɗaura wa wannan motar wannan tsumma? Ranki ya daɗe, gara in sa mata tayar baro."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Mako uku. Na canja mai, na duba iska. Huɗun lafiya lau." Ya nuna karcen da ɗan yatsa. "Dubi nan. Ƙarfen hannu ne aka ɓanɓare ta da shi. Ni da inji nake cirewa, ga shi can. Wannan aikin mai facin bakin hanya ne."

"Injiniya ya san haɗarin haɗa taya iri biyu?"

"Shi ya koya min ma. Mutumin da ke awon iska kowace Asabar da kansa? Jiya ma ya kira ni, ya ce in yo masa odar tayoyin baya guda biyu. Ya ce na ajiya ne."

Sufeto ta duba injin cire tayar, ta duba littafin garejin. Motar ba ta shigo ba tun mako uku. Ta cire Dogo daga lissafi.

Da suka isa gidan Injiniya, tsakar gida cike take da masu ta'aziyya. Injiniya ya karɓe su a falon sama. Dattijo ne mai furfura da tabarau, idanunsa sun yi ja.

"Allah ya jiƙanta, ranka ya daɗe. Muna da 'yan tambayoyi kan motar."

"Babu abin tambaya, Sufeto. Kwananta ne ya ƙare. Ku rufe takardunku, ku bar mu da abin da ya same mu."

"An canja taya ɗaya. Ka sani?"

Ya cire tabarau yana gogewa. "Ban sani ba. Ku tambayi direba."

Direban gidan yana tsugune a bakin gareji. Shekararsa goma sha biyu a gidan, kuma ya ce bai taɓa zama a kujerar jar motar ba.

"Wanki kawai nake mata, shi ma maigida na tsaye a kaina. Mutum biyu ke tuƙa ta, shi da Auta. Shi ya koya mata da hannunsa."

"Ina kake a farkon makon nan?"

"Na kai surukar maigida asibitin ido a wani gari. Litinin muka tafi, jiya da yamma muka dawo. Da na dawo na tarar an rufe motar da tamfol, har ƙasa. Na je zan ɗaga in goge ta, maigida ya daka min tsawa daga sama."

Kofur ya kira asibitin, aka tabbatar. Direba ya fita daga zargi.

Uwar yarinyar tana cikin ɗakinta, 'yan'uwa mata kewaye da ita. Ta sallame su, ta amsa tambayoyin da murya ƙasa ƙasa.

"Mama, ina ake ajiye makullin motar?"

"A ƙugiya, bayan ƙofar falo. Amma tun ranar Talata ya cire shi. Auta ta tambaya, ya ce ta yi haƙuri da motar kwana biyu. Bai faɗi dalili ba. Yau da safe za ta je ganawar neman aiki, ta makara, ga ruwa, tata motar ta ƙi tashi. Ni na ga makullin a aljihun rigarsa da nake haɗa wanki. Ni na miƙa mata." Ta dubi tafin hannunta. "Na ce ta tafi, ni zan yi masa bayani."

"Ranar Talata ya fita da motar?"

"Bayan azahar. Yakan bi hanyar bayan gari, wai ya buɗe mata wuta. Ya dawo bai ci abinci ba."

A cikin mota Sufeto ta ce wa Kofur ya bi duk masu facin da ke hanyar bayan gari. Su bakwai ne. Na biyar, wani mai ɗingishi da ke da rumfa kusa da mahaɗa, bai ko tsaya tunani ba.

"Jar mota? Ai ba a mantawa da ita. Talata, wajen la'asar. Ta zo tana jan ƙafa, tayar baya ta yage. Na ce masa ba ni da irin tata, sai wata ta hannu da ta yi daidai da girma. Na ce, Baba, wannan ba sa'ar motarka ba ce, ka kira janwe ta ja maka ita. Ya ce ya fi ni sani, gida kawai za ta kai shi."

"Yaya kamanninsa?"

"Dattijo, fari fat a kai, da tabarau. Yana ta waiwayen hanya."

"Tsohuwar tayar fa?"

"Ya ce in ƙone ta. Wa zai ƙone roba irin wannan? Ga ta can bayan rumfa."

Kofur ya mirgino ta. A gefenta akwai yaga mai tsawon hannu, kuma a cikin yagar wani guntun ƙarfe ya maƙale. Sufeto ta zaro shi da filaya, ta juya shi a haske. Rabin fedar keke ne.

Kofur ya ce, "Ranki ya daɗe, mai gadin makarantar nan."

Ta riga ta tuna. Ranar Talata da yamma an tsinci gawar wani tsoho mai gadin makarantar firamare a cikin ciyawa, kilomita ɗaya daga wannan rumfar. Mota ta buge shi a kan kekensa ta gudu, ba wanda ya gani. Keken yana ɗakin ajiyar kayan shaida. Suka koma ofis, suka ɗora guntun a kan karyayyiyar fedar, ya zauna daram. A ƙarfen bayan keken akwai jan fenti.

Washegari da hantsi suka koma gidan. Injiniya na zaune inda suka bar shi. Matarsa ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, ba wanda ya ce ta fita. Sufeto ta ajiye guntun fedar a kan tebur, cikin leda.

"Ranka ya daɗe, zan faɗi abin da na gano, in na yi kuskure ka gyara min. Dogo da inji yake aiki, wilin kuwa da ƙarfen hannu aka karce shi. Direba ba ya gari. Saura masu tuƙa motar, kai da marigayiya. Mutumin da ya san taya kamarka ba zai ɗaura wannan ba sai in yana gudun abin da ya fi ta muni. Ranar Talata ka buge mai keke. Keken ya shiga ƙarƙashi, feda ta yaga tayar baya. Motar ba ta da safaya. In ka kira janwe ko Dogo, za a ga gaban motar, za a tambayi inda kake. Sai ka lallaɓa wurin mai faci. Ka dawo gida ka rufe ta da tamfol, ka ɓoye makulli, ka yi odar sababbi. Ka san tayar za ta iya kisa, shi ya sa ka ɓoye makullin."

Injiniya bai musa ba. Ya daɗe yana kallon ledar.

"Na tsaya," in ji shi. "Na fito na gan shi. Yana motsi. Na duba gabas da yamma ba kowa, sai na koma mota."

Sufeto ta ce, "Likita ya ce ya kai awa ɗaya da rai. Asibiti tafiyar minti goma ne daga wurin."

Ya sunkuyar da kai. "Jiya ina banɗaki na ji tashin injin. Kafin in sauko ta fita. Na kira wayarta sau uku. Ba ta ɗauka in tana tuƙi, ni na hana ta."

Matar ta tako zuwa tsakiyar falo.

"Sau biyu ta tambaye ka me ya sami motar. A gabana. Da ka ce mata tayar ba ta da kyau, shi ke nan, kalma nawa ce?"

"Da ta tambayi me ya sami tayar. Kin san ta."

"Tun jiya nake cewa ni na kashe ta da na ba ta makulli. Kana ji. Ka bar ni ina faɗa."

Sufeto ta karanta wa Injiniya tuhumar: buge mutum da mota, da gudu ya bar shi har ya mutu, da ɓoye shaida. Batun 'yarsa kuwa, ta ce mai gabatar da ƙara ne zai duba. Kofur ya matso, ya dubi taga, ya ga taron da ke tsakar gida, ya rage murya.

"Mama, akwai ƙofar baya? Saboda mutane."

"Akwai," in ji ta. "Shi tsohon mai keken, yana da iyali?"

"Mata da 'ya'ya huɗu," in ji Sufeto.

Ta gyara mayafinta, ta buɗe ƙofar da ke sauka tsakar gida, ta matsa gefe.

"Ku bi da shi ta nan."