Ƙafar da Tobiya Ya Yi Turi da Ita

"Ba zan karɓi gaisuwarsa ba, Keziah. Ko yau ko gobe."

Abin da Yaya Manasseh ya ce mini ke nan da safen ranar, yana goge mashin ɗinsa a ƙofar gidanmu da ke Kachalla Sembe. Tun rasuwar Baba shi ne uba a gidan, sai abin da ya ce.

"To me Tobiya ya yi maka?"

"Mai doya daga Zing? Wa ya san gidansu?"

"Ni na sani."

"Ke kika sani," ya kwaikwayi muryata, ya buga mashin ya bar ni da hayaƙi.

Na ji kamar in jefe shi da buta. Yaya ɗan acaɓa ne, kuma tun da aka sace masa mashin ɗinsa na farko zuciyarsa ta bushe. Shi da abokan sana'arsa sun yi rantsuwa duk ɓarawon mashin da suka kama ba zai ga ofishin 'yan sanda ba.

Da rana Tobiya ya sayar da doyarsa a kasuwar Jalingo, ya biyo shagon ɗinkin da nake koyon aiki.

"Zuciyata, me ya kumbura miki fuska?"

"Yayana."

"Ki bar shi... zai sauko. Ni ma da ƙanwata ce kamar ke, da ƙyar zan bayar."

Haka yake, ba ka iya fushi kusa da shi. Na hau bayan mashin ɗinsa muka kama hanyar Turaki.

Can gaba muka ga wani saurayi cikin kaftani mai tsabta yana tura mashin, gumi ya jiƙe shi sharkaf. Tobiya ya taka birki tun kafin mutumin ya ɗaga hannu.

"Useni, ɗan'uwa," in ji saurayin, wato "don Allah" da Fillanci. "Makullina ya faɗi a hanya. Mai gyara yana can gaba kaɗan."

"Hau, in tura ka," in ji Tobiya.

Duk mai mashin ya san wannan taimakon. Mai mataccen mashin ya hau nasa, kai kuma ka ɗora ƙafarka ta dama a bayan nasa, ka ja naka a hankali kana tura shi. Na sauka don nauyi ya ragu.

"Ki biyo mu a ƙafa, sarauniya, motsa jiki ne."

"Za ka gani," na ce, ina dariya.

Ban yi nisa ba na ji ƙarar mashina a bayana, da yawa, ana ta danna ham. Suka wuce ni kamar iska, wasu da sanduna, wasu da guntun rodi.

"Ga su can! Ɓarayi!"

Saurayin nan ya waiga sau ɗaya, ya yi tsalle ya saki mashin, ya faɗa cikin gonar masara. Sai a lokacin na gane. Mashin ɗin na sata ne, kuma haka ɓarayin garin suke yi: ɗaya ya hau, ɗaya ya tura da ƙafa. Tobiya bai gudu ba. Me zai sa ya gudu? Ya tsaya yana juyowa don ya tambayi abin da ya faru.

Na farkon da ya iso ya zo ta bayansa, ya ɗaga rodi ya sauke masa a ƙafar dama. Daga inda nake na ji ƙarar ƙashin. Na kuma san rigar mai rodin, domin ni na ɗinka ta.

Na cire takalmi na ruga. Kafin in isa sun rufe shi. Sanda a baya, dutse a kai, wani yana tattaka masa ciki. Jini ya rufe masa ido ɗaya, yana ta cewa, "Taimako na yi... ku tsaya... taimako na yi." Babu mai ji. Shi baƙo ne, babu wanda ya san fuskarsa a cikinsu sai mutum ɗaya.

Na kutsa, wani ya hankaɗe ni na faɗi, leɓena ya fashe. Na tashi na sake kutsawa. Wani ƙato da ake kira Aƙilu, wanda aka sace wa mashin ɗin, ya mirgino tsohuwar taya ya zura wa Tobiya a wuya. Wani ya zare tiyon tankinsa yana tara fetur a gwangwani.

Yaya yana tsaye a gefe, rodi a hannu. Ya riga ya ga fuskar. Bakinsa a buɗe.

Na cakumi wuyan rigarsa.

"Ka san shi, Yaya. Ka faɗa musu."

Bai motsa ba.

"Manasseh!" Ban taɓa kiran sunansa haka ba tun da aka haife ni. "In suka ƙone shi, da ni za su haɗa. Ka je ka faɗa wa Mama da bakinka."

Warin fetur ya tashi. Sun zuba masa a kai, Aƙilu yana laluben ashana a aljihu.

Sai Yaya ya yar da rodin. Ya ture mutum biyu, ya faɗa kan Tobiya ya rufe shi da jikinsa. Sandar da aka ɗago ta sauka a ƙeyarsa, wata ta biyo baya a kafaɗa.

"Ka tashi, Manasseh, ko mu haɗa da kai," in ji Aƙilu.

"Ƙyasta," in ji Yaya, jini na bin wuyansa. "Amma ka sani mijin ƙanwata ne. Doya yake sayarwa. Ɓarawonka yana cikin masara."

Ɗaya bayan ɗaya suka fara ja da baya, wasu suka nufi gonar. Aƙilu ya tofar da yawu ya mayar da ashanarsa.

Mu uku muka hau mashin ɗin Yaya, Tobiya a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi, ƙafarsa tana lilo kamar tsumma. Har asibiti ina kiran sunansa a kunne don kada ya yi barcin da ba a tashi.

Ya rayu. Ƙafar ce ba ta rayu ba, suka yanke ta daga gwiwa.

Na tsani yayana a kwanakin nan, ba zan ɓoye ba. Kuma ina ganin ɗinkin da ke ƙeyarsa sai tausayinsa ya kama ni. Ban faɗa wa Tobiya wanda ya fara dukansa ba, ban kuma san yadda zan zauna da mutum biyun nan da wannan magana a cikina ba.

Ranar da Tobiya ya iya zama, Yaya ya shigo ya tsaya a bakin gado, ya kasa ɗaga ido.

"Na gode, Yaya," in ji Tobiya, ya miƙa masa hannu.

Yaya bai karɓa ba. Ya durƙusa a ƙasa.

"Kada ka gode mini. Ni na karya maka ƙafa."

Tobiya ya daɗe yana kallon wurin da zanin gado ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa.

"Na sani," ya ce. "Na gan ka lokacin da nake faɗuwa. Na kuma ji wanda ya kwanta a kaina."

Yaya ya kifa fuska a katifa ya fashe da kuka, irin wanda ko ranar binne Baba bai yi ba. Da ya lafa, ya lalubi hannuna ba tare da ya ɗago ba, ya sa shi cikin na Tobiya.

"Ki tabbata, Keziah," in ji Tobiya a hankali. "Gurgu za ki aura."

"Ka yi mini shiru," na ce, hawaye na zuba. "Matsa in zauna."