Aksil ɗin da Inna Zenaba Ta Zaɓa

"Taufiƙ bakanike ɓarawo ne. Rubuta haka, Insifekta, kafin ka tambayi sunana."

Insifekta Ilyasu ya ɗaga kai. Tsohuwa ce tsaye a ofishinsa na komisariyar 'yan sandan Garwa, ta ƙi kujerar da aka nuna mata.

"Inna, bi a hankali. Me ya sata?"

"Ƙarfen da ke riƙe tayoyin baya, aksil kuke ce masa. Ni ce Zenaba. Motar da marigayi mijina ya bar mini ke kwaso masara daga ƙauyukan bayan Tcholliré. Tsohon ya ishe ni da karyewa, na sayi mai ƙarfi na kai wa Taufiƙ ya ɗaura. Kwana tara, ya karye a gangaren rafi. Hassana mai gyaɗa da ke cikin motar tana asibiti da karaya, ɗana Abdulhalim da ke tuƙi yana hannun jandarma, wai lodi ya yi fiye da kima."

"Akwai takardar saye?"

"Na yi maka kama da mai karatu?"

An riga an jawo motar cikin gari. Ilyasu ya tsuguna ya kankare karyayyen ƙarfen da makulli. Baƙin fenti ne sabo fil, ƙarƙashinsa tsohuwar walda.

"Bara aka yi waldar nan a Ngong, ina tsaye," in ji Inna Zenaba. "Tsohona ne aka shafa wa kwalli!"

A gareji, Taufiƙ ya dafa ƙirji. "Wallahi, Insifekta, abin da ta kawo na ɗaura. Kayan gwanjo ai ba ya rasa walda. Ɗanta ne ke loda buhu kamar zai taɓa sama."

"Ina tsohon da ka cire?"

"'Yan tsohon ƙarfe sun kwashe."

Suka nufi wajen Christian mai sayar da kayan mota.

"Mama? Wa zai manta da Mama!" in ji shi. "Uku na shimfiɗa mata. Na ce ta ɗauki matsakaici, ta ce ba zane take saye ba. Ta sa aka ɗaga kowanne. Wanda ta zaɓa sai da ƙarti huɗu suka ciccibe shi. Kansa yana leƙowa ta tsakiyar taya, shi ya sa nauyi ba ya karya shi. Walda kuwa babu ko ɗaya."

"Lambarsa fa?"

"Tsatsa ta cinye."

Ilyasu ya rufe littafinsa ya yi tsaki. "Ba takarda, ba lamba. Inna, ko na gan shi, da me zan ce naki ne?"

"Ku da lambarku! Shekara arba'in ina kai abinci gidan suna, kwanona bai taɓa ɓata ba. Ɗigon shuɗin fenti uku nake yi wa gindin kowane. Shi ma na yi masa kafin a ɗora shi a amalanke."

"Me ya hana ki faɗa tun safe?"

"Takarda ka tambaye ni."

Suka koma gareji. Can ƙurya akwai farar motar masu kai baƙi farauta, kan aksil yana leƙowa ta tsakiyar tayarta.

"Wannan daga Douala mai motar ya zo da shi," in ji Taufiƙ, tun ba a tambaye shi ba.

Ilyasu ya tuɓe hula, ya kwanta rigingine ya shige ƙarƙashi. Ya goge ƙura da babban yatsa. Ɗigo uku, shuɗi, a jere.

"Mutanen Douala ma suna kai abinci gidan suna?" ya ce, yana fitowa.

Taufiƙ ya ce, "Mai motar ne ya matsa mini, baƙinsa sun kusa sauka. Na ga motar masara ba ta buƙatar wannan ƙarfi. Na ɗauka Inna ba za ta gane ba."

Aka buga masa ankwa, aka tasa shi zuwa motar 'yan sanda. Inna Zenaba ta tare gaban Ilyasu.

"Ba mu gama ba, Insifekta. Kwana huɗu ɗana yana kulle kan ƙarfen da ba shi ya ɗaura ba. Yanzu za ka bi ni wurin jandarma su buɗe shi. Sannan a kai ɓarawon nan bakin gadon Hassana, ya dubi ƙafarta, ya gaya mata motar masara ba ta buƙatar ƙarfi!"