Keken Gwaggo Ajaratu

A shekarar da gwamnati ta ce a tashi tsohon Zongon Lome a koma bayan gari, Buraima mai gyaran keken ɗinki ya gaji irin gajiyar da barci ba ya sauke ta. Bikin jam'iyya ya matso, teloli na ta ɗinkin anko ba hutu, kekuna na lalacewa, duk a kansa ake jibge su. Shi da iyalinsa suna raɓe a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Kodjoviakopé. Ga kuma 'yarsa Munira ta kusa gama koyon ɗinki ba ta da keken kanta, alhali ubanta ne mai gyaran na kowa. Wannan abu yana cin ransa.

Sai ya tuna da keken marigayiya Gwaggo Ajaratu, wanda aka kulle a ɗakin ƙurya na tsohon gidansu tun yana saurayi. Washegari katafila za ta bi ta layin.

"Malam, magariba fa ta kawo kai," in ji matarsa Asiyatu. "Ka bari sai da safe mana."

"Da safe sai dai in tono shi a ƙasa. Dubawa kawai zan yi. In da sauran rai a jikinsa, in nemo mai kura."

Ya tarar da unguwar wayam. An ciccire ƙofofi da kwanon rufi, ko akuya babu. Daga can nesa iska na kawo waƙar 'yan rawar jam'iyya da ƙarnin teku. Ɗakin ƙuryarsu kaɗai ba a taɓa ba. Ya ɓalle kwaɗon da guduma, warin jemage da tsohon turare suka tarbe shi.

Keken na nan ƙarƙashin buhu, baƙi mai zanen ruwan zinariya, ƙafafunsa na ƙarfe duk tsatsa. An ɗaure dabaran, wilin da ke juya allura, da jan ƙyalle tamau, ƙulli kan ƙulli. Buraima ya yi tsaki. Tsofaffi da camfi! Ya sa reza ya yanke.

Hannu ya san aikinsa ko mai shi ya gaji. Ya wanke haƙoran da kananzir, ya ɗiga mai, ya sa sabuwar igiya da allura, ya zura zare. Saura gwaji. Ya laluba jaka, ashe ƙyallayen gwajinsa duk sun ƙare a shagunan teloli. Ya san tun yana yaro ana hana ɗinka riga tana jikin mai rai. Amma haske na tafiya, bayansa na ciwo. Ya zauna, ya ja bakin jallabiyarsa ya cusa ƙarƙashin allura, ya taka.

Ƙarar ta fito sumul, kamar keken da aka sauke daga jirgi jiya. Har ya yi murmushi, ya hango Munira zaune a kansa.

Ya ɗage ƙafarsa.

Fedar ba ta tsaya ba.

Ya dafe dabaran da tafin hannu. Ya ƙone shi. Ya leƙa ƙasa. A gefen ƙafarsa akwai wata ƙafa a kan fedar, siririya, da baƙin lalle, tana takawa a natse. Daga idon sawu zuwa sama babu komai.

Ƙanshin kafur ya cika ɗakin.

"Sannu da aiki, mai gyara," wata murya ta raɗa masa a bayan kunne. Muryar mace ce, amma ba ta Gwaggo ba. "Na daɗe a ɗaure."

Rigar na shigewa, tana jan sa gaba.

"Wace ce?" in ji Buraima.

"Zauna daidai. Kar awon ya karkace."

Allura ta haɗe bakin rigar gaba da baya, ta juyo gefe, tana hawowa. Hannun rigar na dama ya rufe. Ya san wannan ɗinki, na likkafani ne. Ya sha ganin irinsa a tsakar gida ranar rasuwa.

Wuyan rigar ya fara tsukewa.

Ya nemi addu'a, a'uzu kaɗai ta zo. Ya ƙwala ta, ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai, ya fizge da duk ƙarfinsa. Kunnensa ya yage. Ya fita daga rigar.

Bai waiwaya ba. Har ya bar layin yana jin keken na ci gaba da ɗinki.

Washegari aka rushe gidan da abin da ke cikinsa. Da yamma Asiyatu ta tsinci jallabiyar a ƙofar ɗakinsu, a ninke, an goge ta. Ƙasa a rufe, hannuwa a rufe, wuya kaɗai ya rage, buɗin taki guda. Ta sa almakashi, zaren ya ƙi yankuwa. Sun jefa ta a teku, sun sake tarar da ita a ƙofa.

Buraima ya daina gardama, ya ajiye ta a ƙasan akwati. Lokaci-lokaci yakan ciro ta ya auna wuyan da hannu, ya mayar. Duk awo sai ya tarar wuyan ya ƙara tsukewa. Yanzu duk gajiyarsa ba ya kwanciya sai ya taɓa keken da yake harhaɗa wa Munira daga tarkacen na mutane. Ya samu kai, ya samu ƙafafu, saura dabaran.

Ran Juma'ar da ta wuce ya auna. Yatsu biyu ne suka shiga.