Mutuwar Kifin Lambun Maamobi

Ƙarfe biyu da 'yan mintuna na ranar Juma'a, Issaka mai kula da Lambun Ilimin Muhalli na Maamobi ya dawo daga masallaci, ya buɗe kwaɗon ƙofa, ya tarar da kifin tafki duk sun juya ciki sama. Karfasa sama da ɗari uku, manya da ƙanana, sun rufe saman ruwan fari fat. Ya saki mabuɗin a ƙasa ya kwarma ihu.

Kafin Sufeto Fatawu Ganiyu ya iso, lungun ya cika maƙil. Ba jaje ya tara mutanen ba. Wasu dariya suke yi, wasu mata biyu kuma sun zo da robobi suna neman a bar su su kwashi kifin.

"Duk wanda ya taɓa kifi ɗaya, a ofis zai kwana," in ji Fatawu. "Guba ce a jikinsu."

"An kashe kifi kun zo da gudu," wani ya faɗa daga baya. "Da mutum ne sai jibi."

Fatawu bai waiwaya ba. A Kotobabi, maƙwabciyar unguwar, aka haife shi, ya san wurin tun yana bola. Shekara huɗu da suka wuce wata ƙungiya ta kwashe sharar, ta zagaye filin da katanga, ta dasa itatuwa, ta gina tafkin siminti. Lambun ɗaya ne daga cikin uku da ƙungiyar take da su, sauran suna Madina da Ashaiman. Motocin makarantu kan kawo yara su koyi yadda ake tattala ruwa da shuka. Mutanen lungun kuwa, ƙurar motocin kawai suke samu.

Ya zagaya katangar sau biyu. Fasassun kwalabe da aka dasa a samanta suna nan daram, kwaɗon ƙofa ba a taɓa shi ba. Ya durƙusa bakin tafki ya sunsuna ruwan. Warin maganin feshin ƙwari ya daki hancinsa. Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya sa kifi uku a leda domin gwaji.

Yana miƙewa Madam Latifa Sharfuddeen, shugabar lambunan uku, ta shigo kamar guguwa. Daga Ashaiman take, tun safe tana can.

"Me kake jira, Sufeto? Ɗanbala mai raguna ne. A gaban mutane ya rantse sai ya ga bayan wurin nan."

"Mabuɗi nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Issaka."

"To ba wanda ya haura, ba wanda ya fasa."

Ta juya a hankali ta kalli Issaka. Dattijon ya nuna ƙirjinsa da yatsa.

"Madam, ni? Ni da na rene su tun suna kamar tsinke?"

"Idan ba a shigo ba, wa ke ciki?" in ji ta. "Ba ni mabuɗina."

Fatawu ya miƙa hannu ya karɓi mabuɗin kafin ya kai gare ta, ya ja Issaka gefe.

"Yaushe ka ba su abinci, Baba?"

"Sha ɗaya. Sun ci har suna tsalle. Na kulle na tafi wanka, daga can masallaci."

"Wa ya gan ka?"

"Ladan. Ni nake taya shi shimfiɗa tabarmi kowace Juma'a."

Ladanin ya tabbatar da haka. Daga sha ɗaya da rabi har aka sallame, Issaka bai bar idonsa ba. Amma tsakanin sha ɗaya da sha ɗaya da rabi babu shaida, kuma Fatawu ya san idan bai samo wani ba, wannan rabin awar za ta ishi Madam Latifa ta ɗaure tsohon.

Ɗanbala yana bakin babbar kwata, inda yake ɗaure ragunansa a matse tun da aka kore shi daga filin. Mutumin Nijar ne, dogo, ko gaisuwa bai amsa ba.

"Ka ce za ka ga bayan lambun?"

"Na faɗa, kuma in ka so in maimaita. Shekara goma sha ɗaya ina kasa raguna a gefen filin nan. Mata ta zo da takarda da Turanci, aka watsar da ni. Dubi inda dabbobina suke kwana."

"Ina kake daga sha ɗaya zuwa biyu?"

"Unguwar Tudu. Na kai wa wani Alhaji raguna biyu na suna, a can na yi Juma'a. Ga lambarsa, kira shi." Ya tofar da goro kusa da takalmin Fatawu. "Yallaɓai, da ni ne, ba kifi zan kashe ba. Wuta zan sa, ina tsaye kowa yana gani."

Alhajin ya amsa waya, ya ce sai bayan la'asar ma Ɗanbala ya bar ƙofar gidansa. Fatawu ya soke sunansa.

Mutum ɗaya ne a unguwar yake sana'ar feshin gidaje, Jamiu. Fatawu ya same shi a wani ɗan kes kusa da kasuwa yana wanke tankin goyo. Da ya ga ɗan sanda sai ya tura wani kwali ƙarƙashin benci da ƙafa.

"Fito da shi."

Kwalabe biyar ne a kwalin da aka yi wa gurbi shida.

"Ina ta shida?"

"Massa, ni ban san komai ba kraa, ko kaɗan."

"Ina takardar izininka ta riƙe wannan magani?"

Jamiu ya share gumi.

"To zaɓi. Ko ka amsa ta farko, ko mu tafi a kan ta biyu."

"Sace ta aka yi. Ran Laraba. Na yi feshi a gidan Alhaji Idrisu, na ajiye jaka a tsakar gida na je salla. Na dawo babu ɗaya."

"Me ya hana ka kai ƙara?"

"Wurin wa? Wurinku?" Ya yi dariyar raini. "Ka ga yadda ka fara da ni."

"Ina gidan yake?"

"Bayan lambun. Bango ɗaya ya raba su."

Jamiu kansa ya yini a unguwar Kokomlemle ranar Juma'a yana feshin wata makaranta, mai gadin wurin ya shaida. Maganin nasa ne, amma hannun ba nasa ba ne.

Da safiyar Asabar Fatawu ya koma lambun. An kwashe kifin an binne, saura ruwa mai wari. Ya bi gefen tafkin a hankali har ɓangaren da ke jingine da katangar baya. A nan, bayan wasu ciyayi masu tsayi, wani bututun roba ya fito daga bango ya leƙo cikin tafkin. An ɗaure bakinsa da 'yar raga. Ya kwance ta. Matattun kyankyasai ne cunkus a ciki da tsaka guda biyu, duk a jiƙe, warin kuwa ya fi na tafkin ƙarfi.

"Baba Issaka, wannan daga ina yake?"

"Daga rufin gidan Alhaji Idrisu. Ruwan sama muke tarawa da shi. Mai gidan ya yarda tun farko."

"Yaushe rabon da a yi ruwa?"

Issaka ya lissafa da yatsu. "Kwana goma sha biyu."

Fatawu ya sa aka kawo tsani, ya hau ya leƙa. Dogon kwararon kwano ne ya bi gefen rufin gidan yana tara ruwa zuwa bututun. Rabinsa na hagu cike yake da ƙura da busassun ganye. Daga daidai ɗaki na uku zuwa bakin bututun kuwa a wanke yake tas, kamar an yi ruwa a wannan yankin kaɗai.

Ya sauka, ya fita ya nufi famfon lungun. Memuna mai sayar da ruwa ta gan shi ta ɗaure fuska.

"Ni ban ga komai ba, ban ji komai ba."

"Ban tambaye ki kifi ba, Hajiya. Jiya da hantsi, wa ya ɗebi ruwa da yawa daga gidan Alhaji Idrisu?"

Ta daɗe tana gyara bakin tiyo kafin ta amsa. "Mubarika mai koko. Jarka biyar. Na ma yi mamaki, ita da asuba take ɗiba." Ta ɗago da sauri. "Kai, ka bar matar nan. Abin da ya same ta ya ishe ta."

"Me ya same ta?"

"Je ka tambayi masu lambun."

Ya tambaya. Madam Latifa ta ce ba ta san sunan ba. Issaka ne ya sunkuyar da kai ya ce matar ta sha zuwa ƙofa tana ƙorafin sauro, Madam ta ce kada a bar ta ta shigo.

Gidan Alhaji Idrisu ɗakuna goma sha ɗaya ne a zagaye da tsakar gida. Fatawu ya shiga, Madam Latifa da Issaka na biye da shi. Matan gidan suka daina abin da suke yi, ba wadda ta ce musu sannu. A ƙofar ɗaki na uku wata mata siririya tana tace gasara. Wani gajeren tsani yana kwance a jikin bangonta.

"Ante Mubarika?"

"Ni ce."

"Ran Laraba kwalbar maganin Jamiu ta ɓace a tsakar gidan nan. Jiya da hantsi kin ɗebi ruwa jarka biyar, abin da ba ki saba ba. Kin jira maza sun tafi masallaci, kin san lambun a kulle yake. Kin hau wannan tsanin, kin juye maganin a kwararon rufi daidai ɗakinki, kin bi shi da ruwa har ya gangara ta bututu. Shi ya sa ba a fasa ƙofa ba, ba a haura katanga ba. Kwana goma sha biyu babu ruwan sama, amma rufinki a wanke yake. Ina kwalbar?"

Mubarika ta ɗauraye hannunta, ta shiga ɗaki, ta fito da kwalbar ta ajiye a gabansa. Babu ko ɗigo a ciki.

"Muguwa!" Madam Latifa ta yi kanta, Issaka ya tare ta. "Aikin shekara huɗu! Me kifi ya yi miki?"

"Ban nufi kifinki ba. Sauro na nufa." Muryar Mubarika ba ta tashi ba. "Tagata tana kallon ruwanki. Tun da kika gina shi ba mu huta da zazzaɓi ba. Sau shida na zo ƙofarki. Wata biyu da suka wuce zazzaɓin ya ɗauki 'yata Muniratu, shekararta biyar. Kwana uku kawai ta yi. Saura ƙaninta, shi ma jikinsa ya fara zafi ran Talata. In zauna in jira?"



"Jahilci!" in ji Madam Latifa. "Tafkin nan ba ya haifar sauro. Kifin ne suke cinye tsutsar sauron, ko ɗaya ba ta tsira. Shi ne darasin farko da muke koya wa kowane yaro da ya shigo lambun. Yanzu da kika kashe su ne sauro zai samu wurin zama."

Mubarika ta kalle ta, ta kalli Issaka. Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin gemunsa.

"Darasin farko," in ji Mubarika. "Sau shida ina tsaye a ƙofarki, Madam. Ko sau ɗaya kin ce in shigo in gani?"

 Wata tsohuwa daga ɗakin ƙarshe ta yi tsaki mai tsawo, ta nuna wa Madam Latifa ƙofa. Madam ta fita ita kaɗai.

Fatawu ya sa kwalbar a leda. Bai fito da ankwa ba.

"Dole ki biyo ni ofis, Ante. Zan rubuta duk abin da kika faɗa, har da zuwa shidan. Wa zai kai yaron asibiti?"

"Ni," in ji tsohuwar. "Kai dai yi abin da ya kawo ka, ka fita mana daga gida."

Mubarika ta shiga ɗauko mayafi. Fatawu yana jiranta a bakin ƙofa, idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar ganga da aka aje a saƙon da ke tsakanin ɗakinta da bango, a ƙarƙashin taga. Ruwan ajiya ne a ciki rabi, bakinta a buɗe. Ya matsa ya leƙa. Tsutsotsin sauro ne ba iyaka, suna wutsil-wutsil a saman ruwan.

Ya ji motsinta tana fitowa. Da sauri ya ɗauki wani faifan kwano da ke gefe ya rufe gangar, ya tsaya a gabanta.

"Me kake dubawa?" in ji Mubarika.

"Ba komai, Ante. Mu je."

Ya bar ta ta wuce gaba. A zaure ya riƙo hannun Issaka, ya raɗa masa cewa ya zubar da ruwan gangar nan yanzu, kuma kada ya taɓa gaya mata abin da ke ciki.