Idon Baƙuwa a Shagon Jega

A wani shagon kwamfuta kusa da tashar Jega Barakatu ta fara ganin Muttaka, kuma da faɗa suka soma. Ita 'yar Aliero ce, ɗiyar Alhaji Hayatu mai albasa, ta ƙware a rubuta manhaja da yaren PHP. Ranar tana fama da wani tsarin gina manhaja na yaren Python, jagorar da aka rubuta wa masu koyo ta ƙi shiga kanta.

Ta ja tsaki ta ce, "Wanda ya rubuta wanga bayani Allah ya shirye shi. Ya ɗauka kowa cikin Python aka yanke mai cibi."

Saurayin da ke gefenta ya ce, "Amin. Ni na rubuta."

Ta ji kunya, amma ba ta janye maganar ba. Shi ma bai ji haushi ba. Ya ce daga Maiyama yake, aikinsa gyara jagorar don masu zuwa daga wasu yarukan. Ya roƙe ta ta riƙa zuwa tana bin bayanin, shi yana kallo, ba zai ce uffan ba.

"In na taimake ki na ɓata gwajin. Duk inda kika yi tuntuɓe, laifina ne."

Barakatu ba ta yarda da shi nan take ba, kuma ta yi daidai. Namijin da ya ce zai zauna ya zuba wa budurwa ido da sunan aiki, a bincike shi. Sai da ta ga washegari ya ƙara sabon shafi, wanda ya jera yadda ɗan PHP ya saba yin abu da yadda ake yinsa a nan, sannan hankalinta ya kwanta.

Daga gyaran shafi aka koma gyaran zuciya. Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Baraka tawa, jiya kin yi tuntuɓe a shafin shiga, ni kuma na faɗi gaba ɗaya. Ki ba ni izini in aiko magabatana."

Ta amsa: "Malam mai shiru, ashe kana da baki. Allah ya zaɓa mana alheri."

Sai kuma kiran gwaji ya tsaya. Gaisuwa na zuwa, amma "zo shago" ta ɗauke. Ana nan Lawali, ɗan kawunta mai jan mota tsakanin Jega da Aliero, wanda ya daɗe yana sonta, ya zo gida ya faɗa a gaban mahaifinta:

"Baba, yaron nan na Maiyama hwa, wata ce yanzu a kujerar Barakatu a shagon. Ni'ima sunanta. Ya tasa ta gaba yana kallo kamar zai haɗiye ta."

Alhaji Hayatu ya murtuke. "Dama ban natsu da shi ba. Ba rumfa, ba gona, sai kallon ɗiyan mutane. Kada magabatansa su zo."

Barakatu ta shiga ɗaki ta rubuta: "Wace ce Ni'ima?"

Ya amsa: "Mai gwaji ce, daga yaren Java ta zo. Ke kin riga kin iya, ba ki tuntuɓe kuma."

Ta karanta, zuciyarta ta ce: ya gama amfani da ke. Zargi kuwa in ya samu ƙofa ba ya sallama. Amma ta yi abin da 'yan mata da yawa ba su yi: maimakon kuka, ta ɗauki mayafi ta hau motar Jega.

Ta tarar da Ni'ima tana gumi a gaban kwamfuta, tana cewa, "Malam, don Allah ka yi magana mana!" Muttaka na can nesa ya naɗe hannu. Da ya ga Barakatu ya miƙe.

"Mi ya hana ka gaya min?" ta ce.

"Ban ɗauka komi ba ne, hasken idona."

"Ka ce na riga na iya. In an ɗaura aure ka saba da ni, wa za ka ɗora a kujerata?"

Ya matso kusa da ita. Sannan ya ce, "Na yi wauta. Gwaji baƙo yake so, don wanda ya san hanya ba ya ganin rami. Gida kuwa wanda aka sani yake so. Ki gafarce ni."

Ni'ima ta ce, "Yaya, ki kwashe abinki. Ni an yi min baiko da wani ɗan Birnin Malam, kuma shi aƙalla yana magana."

Dariya ta kuɓuce wa Barakatu.

Saura Alhaji. Muttaka ya same shi a rumfar albasa ya durƙusa.

"Yaro, mi ne aikinka? Ka faɗa da Hausa."

"Baba, in mai shinkafa ya shigo kasuwar albasa, ɗan kasuwa ne, amma bai san awonku ba. Ni ke rubuta mai yadda zai shiga bai yi asara ba. Sai na ga inda yake kuskure nake sanin abin rubutawa."

Alhaji ya daɗe yana juya albasa a hannu. "Wanga sana'a ce. Amma kallon mata ba sana'a ba ne. Maza ka kalla, mata ɗiyata ta kalla. Ka yarda?"

"Na yarda, Baba."

Bayan girbi aka ɗaura aure a Aliero, Lawali ne ma ya kwaso 'yan Maiyama, fuska ba walwala. Da za a tafi da amarya, Alhaji Hayatu ya dafa kanta ya ce:

"Kin ji zance, kin je kin gani da idonki. Ki riƙe wanga hali. Kai kuma, Muttaka, ka riƙa faɗi kafin a tambaye ka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ɗayyiba."

Gida ya ɗauka da amin, muryar ango ta fi ta kowa.