Baragurbi a Gindin Gamba

Da hantsi na'urar ta sake miƙo wuya daga cikin gamba, ta tsala kukan namijin fakara, har ana jiyowa daga tashar jirgin Sabuwar Funtuwa. An yi mata siffar fakara, da gashi da ƙafafu kamar na gaske, ga kyamara a kowane ido, batirinta kuma rana yake sha. Farfesa Sallau da ya ƙera ta ya raɗa mata suna Sarkin Kira. Lantana, ɗalibarsa mai neman digiri na uku, tana da nata sunan da take kiranta a zuci, amma ba ya faɗuwa a gaban manya.

Motocin noma marasa direba ne ke aikin gonakin garin, kuma su a wurinsu duk abin da ba masara ba ne ciyawa ce. Gambar da kakanni ke dasawa a iyakar gona, su yanka su yi zana, saura ziri ɗaya tak. Ƙungiyar manoma ta yi wa Lantana alkawari: in ta nuna fakara na ƙyanƙyasa a ciki kafin kaka, za a bar shi. In ba haka ba, a nome. Aikin na'urar shi ne ta kira tsuntsayen, ta ɗauki hotonsu.

"Ranka ya daɗe, a rage mata murya," Lantana ta ce wa Farfesa tun farkon damina. "Namijin gaske yakan yi kuka ya huta. Ita ba ta gajiya."

"Lantana ke nan. Ana neman ƙari, kina neman ragi. Dubi allo, mata nawa suka zo?"

Sun zo kam, tuli guda. Mazan ma sun zo, don namijin fakara ba ya jin kukan wani a yankinsa ya ƙyale. Sai dai wa ya taɓa kayar da ƙarfe a dambe? Kowanne ya yi ta kai sara har bakinsa ya yi jini, sannan ya bar wa gwani fage, har matan suka rasa namijin gaske ko ɗaya. Lantana ta kai wa Farfesa hotunan, ranta a ɓace. Ya gyara tabarau ya ce wannan zai yi babi mai kyau a kundinta. Takaici ya hana ta cin abincin rana.

Da kaka ta kama, Malam Tanimu, shugaban manoman, ya zo da motocinsa jere a baya. Sheƙa ko'ina, ƙwai fal. Lantana ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan fitilar gwaji. Babu ko ɗigon jinin da ke nuna akwai ɗan tsako a ciki.

"'Yata, ko ɗan tsako ɗaya," in ji shi. "Wallahi ɗaya ya ishe ni in kai wa mutanena."

"Baragurbi ne, Baba. Dukansu."

Ta kira Farfesa a waya ta gaya masa. Sai muryarsa ta washe.

"Abu mai sauƙi. Sai mu ƙera 'yan tsakin."

Ta kashe wayar. Motar farko ta shiga gambar, kawunan ciyawar suna zubewa a gabanta. Sarkin Kira bai fasa kuka ba, don ba wanda ya koya masa tsoro. Fakara ɗaya ta ƙi tashi daga kan ƙwanta, sai da Lantana ta ruga ta kore ta da mayafi.