Daga Kuala Lumpur Zuwa Kambarawa

Atamfar da Madina ke ninkewa ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

"Sagir...?"

Shi ne. Tsaye a bakin shagon kawunta da ke Babbar Kasuwa, cikin farar shadda, kafaɗa da kafaɗa da mahaifiyarsa, Hajiya Asabe.

Sagir ɗin da ya tafi karatu Malesiya shekara uku ke nan, ya bar ta da alkawarin aure. Sagir ɗin da ko da safen nan ya turo mata saƙo: "Zumata, ana ta ruwa a Kuala Lumpur, kewarki ta hana ni karatu."

Wata biyu da suka wuce, ranar da Babanta ya rasu, ta kira shi tana kuka tana roƙon ya zo.

"Haba rabin raina," ya ce, "kin san nisan kuwa? Daga filin jirgin nan zuwa na Kano ya fi kilomita dubu goma! Ga sauya jirgi a hanya. Kwana guda cur ina sama..."

Ita ce ma ta koma ba shi haƙuri.

"Yaushe ka sauka?" ta tambaye shi yanzu, a nan bakin shagon.

Ya kau da kai.

"Yau kwanansa tara," Hajiya ta amsa tana ɗaga leshi tana dubawa. "Kayan lefe muka zo haɗawa. Shaguna sun fi ɗari a kasuwar nan, na ce sai naku. Ai ke kika fi kowa sanin kalar da Fadila ke so."

Fadila!

Aminiyarta tun firamare. Wadda take karanta wa duk saƙon da ya turo, wadda ta karɓi lambarsa wai don ta riƙa yi masa faɗa idan ya ɓata mata rai.

"Sagir, ka dube ni, don girman Allah! Ka ce ƙarya ne!"

"Madina, kada ki tara mana jama'a."

"Babana ya rasu ka ce nisa..."

"Nisan na nan," ya ce a hankali, yana kallon agogonsa. "Kowace tafiya da abin da ya isa a yi ta dominsa."

Hajiya ta yi murmushi. "Ɗiyar ɗan acaba, wanda ya zo daga ƙauye da buhu a ka? Yarinya, ke ma kin san ba a gidana ba. Miƙo min shuɗin can."

Ta miƙo. Har turmi shida ta zaɓa musu, hawaye na ɗiga a kan leda, ba wanda ya ce mata sannu.

Da la'asar ta isa gida Ƙofar Durbi, ta tarar da Inna Delu cikin kayan takaba, zaune gaban turmi tana dakan dambun nama.

"Yawwa, kin dawo? An ce akwai mai tafiya ƙasar da Sagir yake jibi. Na ce bari in yi wa yaron nan ɗan abin taɓawa, yana can cikin baƙin mutane ba mai kula da cikinsa."

Madina ta buɗe baki, ta dubi idanun uwarta da ba su gama bushewa ba, ta rufe.

Ta karɓi taɓaryar.

"Kawo in ƙarasa, Inna. Yana son yaji sosai."

Ranar Asabar aka ɗaura aurensa da Fadila a unguwar Kambarawa, nan cikin gari.